Yadda za ka je gonar ɗan'uwanka ka rage masa aiki maimakon ka ƙara masa

Ɗan ƙwadago idan ya yi ba daidai ba a gona, nan take mai gona zai gaya masa, wani lokaci ma da ɗaga murya. Ɗan'uwan da ya zo ziyara kuwa nauyinsa ake ji. Baffanka zai ga ka tattake masa shuka, ya haɗiye maganar, ya ce maka sannu da ƙoƙari, sai ka ba da baya ya duƙa ya gyara. Wannan kawaicin ne ke ɓata taimako a gonar dangi. Kai kana ganin ka kama aiki, shi kuwa ya yi nasa ya yi naka. Saboda haka nauyin yana kanka: ka riƙa tambaya kafin ka taɓa abu, ka kuma nuna masa tun farko cewa in ya yi maka gyara ba za ka ji haushi ba.

Ka kuma sa a ranka cewa gonar da ake ci da ita wurin sana'a ce. Abin da kake gani a matsayin hutu da shan iska, shi abincin shekararsa ne da kuɗin makarantar yaransa, wani lokaci har da bashin da ya ci ya sayi taki.

Mataki na farko: tambaya kafin sa rana

Kada ka yanke ranar zuwa sannan ka sanar. Kira shi ka ce, "Baffa, ina so in zo in kama muku aiki, wane lokaci ne hannu zai fi yi muku amfani?" Amsar ta danganta da irin gonar. Mai noman damina ya fi matsuwa a lokacin shuka, da noman farko, da girbi. Mai lambu kullum da aiki, amma ranar dashe da ranar tsinka sun fi cin hannu. Mai kiwo kuma lokacin tara abincin rani ne yake neman wanda zai ɗauka masa. Akwai ranakun da baƙo nauyi ne kawai, kamar ranar da aka samu tarakta ta haya ta kwana ɗaya, ko ranar feshi, domin ba mai sukunin koya maka komai.

Faɗi kwana nawa za ka yi, da mutum nawa za ku zo, da ko akwai yara. Faɗi gaskiyar abin da ka iya. In ba ka taɓa riƙe fartanya ba, ka ce ba ka taɓa ba, don a kan maganarka za a tsara aikin ranar. In kana da asma, ko ciwon baya, ko hawan jini, ko jikinka ba ya shiri da harbin zuma, ka faɗa tun a waya.

Sai maganar tukunya. Bakinka ƙari ne, kuma wadda za ta ji nauyinsa mai girki ce, wadda wataƙila ita ma da nata aikin a gonar. Ka zo da abin da zai rufe cinka har ya yi saura. In kana son ka riƙo wani abu, tambayi abin da ya ƙare musu. Sau da yawa igiya mai kyau, ko tocila, ko safar hannu, ko takalmin roba sun fi abin ado amfani. Abu ɗaya da ba a kawowa ba tare da izini ba shi ne dabba mai rai. Sabuwar kaza ko akuya sai an keɓe ta sati 2 zuwa 4 kafin ta shiga cikin sauran, kuma ba kowace gona ce ke da wurin keɓewa ba.

Mataki na biyu: shirya jiki da kaya

Ƙwayar cutar sarƙe haƙora tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta ƙaramin rauni take shiga, ƙusa ko ƙaya ko bakin fartanya. In ka haura shekara 10 ba a yi maka allurar rigakafinta ba, ka biya asibiti kafin tafiya.

Kayan sawa: dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu wadda ba ta da faɗi, hula mai inuwa, da takalmi rufaffe. Silifa ba takalmin gona ba ne, ko da ka ga masu gonar da shi. Ka ɗauki sabulu, da bandeji, da maganin wanke rauni, da magungunanka na kullum, da gorar ruwa taka.

In kai ma kana kiwon kaji ko dabbobi a gida, ko ka biya ta kasuwar dabbobi a hanya, takalmin da tufafin da ka shiga can da su kada su shiga garke ko ɗakin kajin ɗan'uwanka. Murar tsuntsaye da ire-irenta a tafin takalmi suke tafiya, da jikin keji, da tayar mota. In ka ga kwano da ruwan magani a ƙofar ɗakin kaji, tsoma ƙafa ake yi, ba tsallakewa ba. In kuma aka ce baƙo ba ya shiga, ba wulaƙanci ba ne.

Mataki na uku: ranar farko ta ido da kunne ce

Ka roƙi a zagaya da kai kafin a ba ka aiki. Ka san iyakar gonar, don kada ka nome wa maƙwabci ko ka tsinki nasa. Ka san inda rijiya take, da inda ake ajiye magani da taki, da wace dabba ce ke tunkuyi, wace ce ke harbi, wane kare ne ba ya son baƙo. Ka tambayi asibiti mafi kusa da abin hawan da ake da shi in wani abu ya faru, da inda waya ke samun sabis. Tambayar tana da ɗan nauyi a baki, amma a yi ta tun ana zaune lafiya.

A nan ne kuma za ka buɗe ƙofar gyara. Ka ce, "Kawu, don Allah in ka ga na yi ba daidai ba ka faɗa mini nan take, kamar yadda za ka faɗa wa yaran gida." Zai yi murmushi ya ce ba komai, ɗana. Kada ka tsaya a nan. Gyaran farko da ya yi maka, ka karɓa da sakin fuska ka gyara a gabansa. Daga yadda ka karɓi na farko zai san ko zai ƙara.

Dokar ƙofa kuwa ba ta da togiya: yadda ka same ta haka za ka bar ta. In a rufe take, ka rufe, ka ja ka tabbatar ta kama. In a buɗe take, wataƙila an bar ta ne don dabbobi su kai ga ruwa, kada ka rufe don ganin kanka. Awakin da suka samu ƙofa na minti goma za su iya cinye aikin wata guda.

Mataki na huɗu: karɓi ƙaramin aiki ka riƙe shi gaba ɗaya

Baƙo yakan so babban aiki, wanda za a gani a yaba. Abin da ya fi sauƙaƙa wa mai gona shi ne ka cire masa ƙaramin aiki ɗaya daga kansa ɗungurungum, ya daina tunaninsa har ka tafi. Ɗebo ruwa da wanke mazubin shan dabbobi, kwashe kashi zuwa juji, yanko ciyawa, tsintar ƙwai, kai wa masu aiki ruwa, korar tsuntsaye. Ruwa musamman ba ƙaramin abu ba ne. Babbar saniya a lokacin zafi tana iya shan lita 40 ko fiye a yini, kuma kajin ƙwai in suka yini ba ruwa, sai an yi kwanaki kafin ƙwan ya dawo daidai.

Ka tashi lokacin da gidan ke tashi. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma a gona rabin aikin yini kafin hantsi ya dubi ludayi ake yin sa. Wanda ya fito bayan rana ta take, ya zo ne lokacin da ake shirin neman inuwa.

Mataki na biyar: in an miƙo maka fartanya

Ga hanyar da na fi yarda da ita a kowane aikin shuka. Ka ce ya yi a gabanka ka gani. Sannan kai ka yi taku goma, ka tsaya, ka kira shi ya duba. In ya ce ya yi, ka ci gaba. Kuskuren da aka kama a taku goma gyaran minti biyu ne, wanda aka gano bayan ka gama kunya ashirin kuwa asara ce.

A noman farko babban haɗarin shi ne sare shuka. Dawa da gero suna ƙanana kusan kamarsu ɗaya da ciyawa a idon wanda bai saba ba. Duƙa ka duba sosai: shuka tana kan layi, tazara ɗaya tsakaninta da ta gaba, tana fitowa daga rami ɗaya a dunƙule, ganyenta ya fi faɗi, kararta ta fi kauri. Ciyawa kuwa a warwatse take, ba ruwanta da layi. In ka zo gindin shuka, ajiye fartanya ka cire ciyawar da yatsu. In kuma ka yi shakka, bar ta ka wuce, mai gona zai cire a maimai. Kada ka sara da zurfi kusa da masara, saiwoyinta da yawa a sama-sama suke. Ciyawar da ka cire ka kakkaɓe ƙasar jikinta ka kifar da ita saiwa sama, in ba haka ba ruwa ɗaya zai sake dasa ta. Abin da ya sa ake gaggawar wannan aiki shi ne makonni shida na farko ne ciyawa ta fi cutar da masara, abin da aka rasa a lokacin ba ya dawowa.

In ka ga wuta-wuta, tsiron nan mai fure ja-ja da ke fitowa a gindin dawa da masara, ka tumɓuke shi kafin ya yi iri, ka fitar da shi daga gonar, kada ka yar a kwarin kunya. Gindi ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, kuma irin yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira.

In shuka ake yi, ka bi zurfi da tazara da adadin ƙwayar da aka ce, ko da kana ganin ƙari zai fi. Masara yawanci zurfin kamar santimita 5 ake ba ta. In ta yi zurfi da yawa ba ta fita da ƙarfi, in ta tsaya a sama tsuntsu da ɓera su tone.

Takin zamani kuma ba a zuba shi a jikin kara, ƙona shuka yake yi. Ana yin ɗan rami kamar faɗin yatsu huɗu daga gindi, a zuba ma'aunin da aka ba ka, a rufe. Rufewar tana da muhimmanci musamman ga yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin naitirojin ne, domin in aka bar ta a fili cikin zafi wani kaso nata iska yake bi. Buhun da ka zuba ba ka rufe ba, kuɗin ɗan'uwanka ne ke tashi.

Sai jikinka. Kada ka yi tsere da waɗanda hannunsu ya yi kanta. Riƙe ƙota sako-sako, ka bar nauyin ƙarfen ya yi saran, in ka damƙe da ƙarfi kafin azahar tafinka ya yi bororo. Ka riƙa miƙewa kana hutar da ƙugu. Buhu mai kilo 50 mutum biyu ne ga wanda bai saba ba, kuma da gwiwa ake ɗagawa, ba da gadon baya ba. Jikin da bai saba aiki cikin zafi ba yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba, don haka kwanakin farko ka yi rabin yini. Sha kamar kofi ɗaya na ruwa duk minti 20, kada ka jira ƙishi. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiya, duk alamu ne na ka nemi inuwa. In ka ga wani ya fara sambatu ko ya rikice, jikinsa zau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti.

Mataki na shida: zama da dabbobi

Saniya tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, sai dai abin da ke daidai bayanta. Shi ya sa ba a zuwa mata ta baya a shiru. Ka zo ta wajen kafaɗa, kana magana a hankali, ba gudu, ba ɗaga hannu. Saniya tana shuri ta gefe, jaki da doki kuwa baya suke harbi, kuma duk suna take ƙafa ba da niyya ba. Kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, ko da an ce maka mai sanyin hali ce. Kada ka ba bijimi ko babban rago baya, kuma duk garken da ka shiga ka san ta inda za ka fita. Kada ka tsaya tsakanin dabba da bango.

Igiya ba a naɗe ta a hannu ko a wuyan hannu. Ninka ta ake yi a riƙe, yadda in dabbar ta fizga za ka iya saki. Sa ɗaya ya ninka ka nauyi sau da yawa, in ya zabura da igiya naɗe a hannunka, jan ka zai yi a ƙasa. Wasan tura kan ɗan rago ko maraƙi kuma, wanda baƙi ke jin daɗinsa, koya masa tunkuyi ne, kuma bayan tafiyarka yaran gidan zai gwada a kansu.

Wajen ciyarwa ne tausayi ke kashe dabba. Ka ba da abin da aka ce, gwargwadon da aka ce. Akuya ko tunkiya in ta samu buhun hatsi ta ci ta ƙoshi, cikinta yana iya lalacewa ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Gyauron dawa, wato sabon tohon da ke fitowa bayan an yanke, yana ɗauke da guba, ba a sakin dabbobi a kansa. Takin yuriya da aka bari a buɗe shi ma kisa yake yi. Leda kuwa ko ƙarama ce kada ka yar, taruwa take yi a tumbi har dabba ta rame ta mutu.

Wani taimako da ba ya buƙatar ƙarfi shi ne sa ido. Dabbar da ta ware kanta, ta sunkuyar da kai, ta daina tuƙa, ko ɗingishi, ko zawo, ko gefen cikinta na hagu ya kumbura ya yi tauri, ka je ka faɗa nan take, kada ka bari sai an zauna hira da dare. Kumburin ciki ba ya jira.

In ka dace da haihuwa, ka ja gefe sai an kira ka. Saniya wata tara take ɗauka, akuya da tunkiya wata biyar, don haka abin da ke faɗowa an daɗe ana jiransa. Abin da ya fi muhimmanci ga jaririn dabba shi ne ya sha dakashi, wato nonon farko na uwarsa, cikin awanni shida na farko, domin daga nan yake samun garkuwar jiki. Kada ka taɓa mabiyiya ko ɗan da aka yi ɓarinsa da hannu tsirara, ta nan bakkale, cutar da ke sa dabbobi ɓari, ke kama mutum, haka ma ta ɗanyen nono, shi ya sa sai an tafasa. Mace mai ciki ta nisanci wurin haihuwar awaki da tumaki gaba ɗaya. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman in jini na fita ta hanci ko ta baya, ba a feɗe ta, likitan dabbobi ake kira. A ɗakin kaji kuma ka tambayi wane ƙwai ne na ɗauka, don kada ka kwashe wanda kaza ke kwanci, mai jiran kwana 21 ɗinsa. Duk sanda ka fito daga cikin dabbobi, sabulu kafin abinci.

Mataki na bakwai: abubuwan da ba a koyo da gwaji

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana lissafa noma cikin sana'o'i uku mafi haɗari, tare da haƙar ma'adinai da gine-gine. Yawancin haɗarin a wurin inji da magani yake.

Tarakta kujera ɗaya gare ta, ta direba. Hawa kan murfin taya ko tsayawa a bayanta ba wasa ba ne, gargada ɗaya ta isa. Sandar ƙarfen da ke juyi a bayanta, wadda ke ba injin da aka jona ƙarfi, tana juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya. In ta kama bakin riga ko gyale, kafin mutum ya yi ihu ta naɗe shi. Haka belin injin casa da na niƙa. In inji ya toshe, a kashe shi, a jira ya tsaya cak, sannan a sa hannu. Ba a zuba mai a injin ban-ruwa yana aiki ko yana da zafi. Kada a tayar da shi a cikin rijiya ko rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana da iskar guba wadda ba ta da wari. In wani ya faɗi a cikin rijiya irin wannan, kada ka bi shi a guje, sau da yawa mai ceto ne gawa ta biyu. A kashe inji, a nemi taimako da igiya.

Feshi kuwa shawarata ita ce baƙo ya bar wa mai shi. In dole ta sa, to da safar roba, da takalmin roba, da abin rufe hanci da ido, da iska a bayanka, ba ci ba sha ba taba. A ƙasashe da yawa za ka ga zanen launi a gindin takardar kwalbar: ja shi ne mafi guba, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Takardar tana faɗin tsawon lokacin da za a jira kafin a koma cikin gonar, da kwanakin da za a jira kafin a tsinka a ci, saboda haka kada ka ciri tumatir ka kai baki sai ka tambayi ranar feshi na ƙarshe. Ka tambayi kuma wace tankin feshi ce ta maganin ciyawa, domin ragowar irin su 2,4-D in ta taɓa wake ko tumatir ko auduga murɗe su take yi. Kada a taɓa juye magani a gorar lemo, wani irinsa kamar farakwat ba shi da makari in an sha. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye sau uku a juye a tanki, a huda ta, kada ta zama ta ruwan sha. In mutum ya fara zufa mai yawa, da dalalar miyau, da amai, da ganin dishi-dishi bayan feshi, a cire masa kaya, a wanke shi da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar. Ba a sa shi amai da gangan.

Maciji yana son ƙarƙashin dami, da tarin kara, da ramin gara, da duhuwar ciyawa. Ka fara taɓawa da sanda kafin hannu, ka kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada ka fita da dare ba tocila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma manoma na cikin waɗanda abin ya fi shafa. In ya faru, a kwantar da hankalin mutum, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da ɗan katako don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da maganin dafi. Ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya tamau, ba ɓata lokaci wajen neman macijin. In hadari ya taso da walƙiya kuma, ka ajiye ƙarfe ka bar fili, kada ka fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

In ka zo da yara, kai ne mai tsaronsu, ba masu gonar ba. Rijiya, tafki, inji, ɗakin magani da garke, ka nuna musu da yatsa ka ce nan ba a zuwa. Ka ba su aikin da ya yi daidai da su, kamar tsintar ƙwai ko watsa wa kaji tsaba, kana tsaye.

Lokacin girbi

A girbi hannu ya fi daraja, kuma aikin ya fi sauƙin koyo: ɓare masara, roron wake, ɗaukar dami, shanya, ɗinkin buhu. Abin lura shi ne danshi. A shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a kan ƙasa ba, a ware wanda ya yi fumfuna ko ƙwari suka huda, domin fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da guba mai lalata hanta. Hatsi sai danshinsa ya sauko zuwa kamar kashi 13 cikin ɗari kafin ya shiga buhu. Akwai gwaji mai sauƙi: zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, ka rufe, ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar shanya. Ƙwayar maganin da ake sa wa buhunan hatsi kuma iskar guba take fitarwa, ba a kwana a ɗaki ɗaya da su, ko a ɗakin da ke jikinsa. Ƙaiƙayi da ƙurar sussuka suna shaƙe mai asma, ya rufe hanci ko ya nemi wani aikin.

Bakinka da wayarka

Wataƙila ka karanta abubuwa a intanet game da noman zamani, wasu ma masu amfani ne. Ka riƙe su sai ka yi kwanaki, kuma ka fara da tambaya: "Goggo, me ya sa ake barin wancan gefen ba a shuka?" Galibi akwai dalili, ko ruwa ke kwanciya, ko ƙasar ta gaji, ko kuɗin bai kai ba. In bayan ka ji dalilin har yanzu kana ganin shawararka za ta yi, ka faɗa masa ku biyu, ba a gaban ma'aikatansa ba. Kada ka ba 'yan ƙwadago umarni, kada ka shiga maganar ladansu. Hoton garke ko rumbu kuma kada ka sa a Facebook sai da izini, domin kana nuna wa duniya ne abin da ɗan'uwanka ya mallaka da inda yake ajiye shi.

In ka yi ɓarna, ka karya ƙota, ko ka manta ƙofa, ko ka zuba abincin wannan garke a wancan, ka faɗa a lokacin. Akuyar da ta ci hatsi ana iya ceto ta in an sani da wuri. Abin da za a iya biya ka biya, in ya ƙi karɓar kuɗi ka sayo irinsa ka ajiye.

Ranar tafiya

Abin da aka ba ka na amfanin gona ka karɓa da godiya, amma kada ka ɗiba da kanka, wataƙila an riga an yi cinikinsa ko iri ne aka ware. Wanke kayan aikin da ka yi amfani da su, ka mayar da kowanne inda ka ɗauko shi, ka wanke takalminka kafin ya shiga naka gidan, musamman in kana da kiwo.

Aikin da ka riƙe kuma ka miƙa shi baki da baki ga wanda zai ci gaba, tun daren da za ka tafi da safe. Kwanakin da ka yi kana ba kaji ruwa sun sa aikin ya fita daga ran mai yin sa a da. Ka gaya masa inda ka tsaya: kunya nawa suka rage a noma, wane mazubi ne ke yoyo, wace akuya ce ba ta ci sosai jiya ba, da buhun dusa nawa ya saura.